Sharhi a kan Dabarar Feshi ta Landan da Batun Ƙarkon Sola ta Ferobskait

Ferobskait sinadari ne da ake narkawa kamar tawada, a shafa a kan gilashi ko roba, ya bushe ya zama shimfiɗa mai mayar da hasken rana lantarki. A 2009 Tsutomu Miyasaka na Jafan ya iya mayar da kashi 3.8 cikin ɗari na hasken. Yau ƙwayoyin gwaji sun haura kashi 25. Cikas ɗinsa rashin ƙarko ne, wanda ke da nasaba da yadda kiristal ke tsirowa yayin bushewa.

Wannan ne batun maƙalar Tian Du da Joe Briscoe da abokan aikinsu na Jami'ar Queen Mary da Kwalejin Imperial a Landan, wadda mujallar Advanced Materials ta buga a 2022. Nau'in FAPbI3 yana da siffa biyu: baƙa mai aiki, da rawaya marar amfani. A al'ada sai an gasa shi a digiri 150 kafin ya yi baƙi, kuma yakan koma rawaya. Masu binciken sun turara shimfiɗar da feshin ruwan narkarwa mai kama da hazo a digiri 100, ba tare da ƙarin wani sinadari ba.

Ƙarfin maƙalar yana cikin gano dalili. Ta nuna da gwajin eksire cewa gashi mai tsanani yana barin kiristal a ɗame bayan ya huce, kuma sassauta ɗamewar ne ke tsayar da baƙar siffa. Rage zafin kuma yana kusanto da bugawa a kan roba.

Sai dai "ya fi ƙarko" kwatanci ne tsakanin hanyoyi biyu na ɗakin gwaji. Ma'aunin masana'antu, IEC 61215, yana neman faranti ya jure awa 1,000 a digiri 85 da laima kashi 85, kuma ana sayar da na silikon da garantin shekara 25. Da wannan ma'auni mai saye a Sakkwato ko Maraɗi zai yi hukunci, inda zafin bazara da laimar damina ke bin juna a kan rufi ɗaya.

Akwai kuma dalma a cikin sinadarin, a siffar da ruwa ke iya wankewa. Gyaran kiristal bai cire ta ba. Al'ummar da gubar dalma ta kashe wa yara aƙalla 400 a Zamfara a 2010 tana da haƙƙin sanin wanda zai kwashe farantin da ya fashe tun kafin a shigo mata da shi.