Sarauniyar Lugu da Sarauniyar Abdoulaye Mamani

Duk mai son fahimtar littafin Sarraounia, wanda ya fito a birnin Paris a 1980, sai ya fara waiwayar ranar 28 ga Satumba 1958. A ranar ce jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary ta nemi ƴan Nijar su ce wa Janar de Gaulle "a'a" a ƙuri'ar raba gardama, ta kuwa sha kaye. Abdoulaye Mamani, haifaffen Gudumariya a 1932, ɗan ƙwadago, mai ra'ayin gurguzu, yana cikin jiga-jiganta a Damagaram. Da aka haramta jam'iyyar a 1959 sai ya shiga gudun hijira, har ya yi aikin rediyo a Aljeriya. Ya komo gida bayan juyin mulkin Seyni Kountché na 1974, gidan kaso ya tarbe shi.

Mutumin da aka kayar da "a'a" ɗinsa ya shiga tarihi neman wadda ta riga shi faɗinta, ya same ta a Lugu, cikin ƙasar Arewa, inda Azna suka tari rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilun 1899. Nan ƙarfin littafin yake, nan kuma rauninsa. Sarakunan da ya zana suna zawarcin Nasara don tsoro ko kwaɗayi, mai karatu na 1980 ya san fuskokinsu sarai, domin su ne suka kai talakawansu ga "i" a 1958. Babukan da ke bin rundunar tana ƙone garuruwa, hafsoshinta suna haukacewa sannu a hankali, su ne mafi armashi, kuma tarihi ya gaskata su.

Sai dai jarumar tasa, wadda Dawa ya rena ya koya mata kibiya da sirrin itatuwa, ɗiyar Sawaba ce fiye da ɗiyar Lugu. A Lugu, Sarauniya muƙami ne na addinin gargajiya da mata ke gada, mai riƙe da shi tana zaune a ɗakinta, ikonta yana ga tsafi da dutsen shari'a na Tunguma. Tsofaffin yankin Dogon Dutsi sun fi tuna Mangu da asiri bisa ga takobi. Mamani ya fitar da ita fagen daga, ya sa mata a baki huɗubar haɗin kan ƙabilu irin ta taron jam'iyya. Wannan haƙƙin mai ƙagaggen labari ne, amma ba haƙƙin malamin tarihi ba ne ya karantar da shi a aji tamkar shaida.

Fim ɗin Med Hondo na 1986, wanda aka ɗauka a Burkina Faso, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987, ya ƙara kafa wannan siffa. Marubucin ya rasu a haɗarin mota a 1993, yana hanyar Yamai karɓar kyautar adabi ta Boubou Hama. Littafin da ya ɗaukaka sunan Lugu da Faransanci aka rubuta shi, harshen Voulet, wanda akasarin jikokin Mangu ba sa karantawa.