Bikin da Ke Bin Wata da Bikin da Ke Bin Kalanda

Duk wanda ya taɓa zama a Kafanchan ya san zafin bazara, lokacin da hazo ya janye, ƙasa ta ɗau wuta, manoma suna ɗaga kai suna duban gabas. A wannan tsakanin ne mutanen Ham, waɗanda Hausawa ke kira Jaba, suke taruwa a Kwoi domin bikin Tuk Ham, daidai lokacin Ista. Ana kaɗe-kaɗe da raye-raye a gaban sarkinsu, Kpop Ham, amma zuciyar mai gona tana kan citta, domin shukarta na dab da farawa. Bayan annobar da ta cinye cittar yankin a 2023, addu'ar neman damina mai albarka a irin wannan taro ta daina zama al'adar baki kawai.

Abin da ya ja hankalina shi ne tambayar wa ke tsayar da ranar biki. A Indiya, mabiya addinin Hindu suna da wata mai suna Ashadha, wanda ke faɗowa tsakanin Yuni da Yuli, daidai saukar ruwan damina bayan tsananin zafin watan Jyeshtha. A cikinsa ake jan manyan kekunan katako na bikin Rath Yatra a garin Puri, a ranar cikar watan kuma ake girmama malamai a bikin Guru Purnima. Lissafinsu na wata ne, amma kusan duk shekara uku sukan ƙara wata guda, don kada bikin ruwa ya sulale ya faɗa cikin rani. Mu da muka saba da lissafin Hijira mun san akasin haka: shekara tana gaza shekarar rana da kwana kusan 11, azumi ya zagaya hunturu da bazara da damina, domin ibadar ba ta rataya a kan gona ba.

Bukukuwan kudancin Kaduna kuwa a kan gona da daji suka tsiro. Dubi bikin Afan na Kagoro. Kalmar tana nufin dutse, wato tsaunin da ya yi wa garin rumfa, wanda kakanninsu suka zauna a kansa. Biki ne na kammala girbi da buɗe farauta, kuma a da dattawa ne ke duban yanayi su ce lokaci ya yi. A zamanin Gwamna Awan, sarkin da ya hau mulki a 1945 ya rasu a 2008, bikin ya zauna a 1 ga Janairu. Wannan sauyi ba ƙarami ba ne. Mishan ta riga ta kafu a Kagoro, makaranta ta yi nisa, jirgin ƙasa da ya mai da Kafanchan mahaɗa tun 1927 ya kwashe samari zuwa Kaduna da Jos da Inugu. Ranar da ɗan gari zai iya dawowa gida ita ce ranar hutun gwamnati, sai biki ya bi shi can.

A ganina wannan dabara ce ta ceci Afan. Da an bar shi a hannun masu tsafin dutse kaɗai, da ya bi su kabari kamar yadda bukukuwa da dama suka yi. To amma tsira tana da kuɗinta. Mafarautan da ke shigowa fili da kwari da baka yau nuni suke yi, ba daji za su ba, kuma mafi yawan lokacin taron jawabin manyan baƙi ne ke cinye shi. Yaron da aka haifa a Abuja zai ga rawa ya ji ƙaho, ya koma bai san abin da ya haɗa wannan rana da rumbun dawa ba.

Tuk Ham ya fi sa'a, ko da ba da niyya ba. Ita ma Ista da wata ake lissafa ta, Lahadin farko bayan cikar watan da ta zo a 21 ga Maris ko bayan nan, don haka ba ta fita daga bazara. Ma'aikaci ya samu hutunsa, manomi kuma yana rawa da irin citta a ajiye a inuwa, yana jiran ruwan farko ya jiƙa kunya.