Sabuwar Manhajar Kemistiri, Tsohuwar Jarrabawa



A watan Disamban 2022 ne Hukumar Kula da Jami'o'in Najeriya, wato NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhaja mai suna CCMAS, wadda ta shafi har da kemistiri. Hukumar ta tsara kashi 70 cikin ɗari na darussan, ta bar wa kowace jami'a kashi 30. To madalla. Amma fa inda gizo ke saƙar shi ne jarrabawa.

Kun dai san ɗalibi, abin da za a tambaye shi shi yake karantawa. Muddin mafi yawan maki na kan takardar ƙarshen zango, to hadda zai yi ta yi. Zai rubuta muku yadda asid da soda ke ba da gishiri da ruwa, amma ku miƙa masa ƙasar tsakar gida ya auna dalmar da ke ciki, sai ya yi zuru. Alhali kuwa gubar dalma ce ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010.

Don haka a ba aikin ɗakin gwaji maki mai tsoka, a kuma wadata shi da kayan aiki. In ba haka ba, an canza wa tuwo suna ne kawai.