Katako, Roba da Gam: Nazarin Bat ɗin Ƙwallon Tebur a Ikara, Maƙarfi da Kudan

Bat ɗin ƙwallon tebur abu uku ne aka haɗa: katako, roba da gam. Katakon shi ne allon da ke ɗauke da mariƙi, roba ke rufe fuskokinsa, yawanci da soso a ƙarƙashinta, gam kuma ya riƙe su wuri guda. Hukumar wasan ta duniya, ITTF, wadda aka kafa a 1926, ba ta ƙayyade girman bat ko siffarsa ko nauyinsa ba. Sharaɗinta shi ne allon ya zama shimfiɗaɗɗe mara lanƙwasa, kuma aƙalla kashi 85 cikin ɗari na kaurinsa ya kasance itace.

A ƙananan hukumomin Ikara, Maƙarfi da Kudan, kamar sauran garuruwan ƙasar Zazzau, an fi buga wasan a makarantun sakandare da teburan da ake kafawa a inuwa, inda samari kan taru bayan la'asar. Bat iri uku ake gani a hannunsu. Akwai na kafinta, falle ɗaya na katako da aka yanke aka goge da samfefa, wani lokaci ko roba babu. Akwai na kanti, wanda kamfani ya manne masa roba tun daga can, ana sayar da shi bibbiyu tare da ƙwai, wato ƙwallon wasan. Sai wanda ɗan wasa ya sayi allonsa dabam, robarsa dabam, ya haɗa da hannunsa. Na ukun ne ya fi ƙaranci, domin kayansa sai an shiga Zariya ko Kano, ko a yi odarsu ta intanet daga Legas. Shi ne kuma kaɗai ke kai mutum ga wasan gasa, saboda robar na kanti ba ta daɗe tana kama ƙwai, kuma gam ɗinta bai cika barin a ɓare ta a sake wata ba.

Allo mai kyau galibi ba katako guda ba ne. Siraran falle ne, biyar ko bakwai, aka jera su ta yadda jijiyar kowane ta gitta ta na kusa da shi, don kada allon ya karkace. Kaurinsa kan kama daga milimita 5 da rabi zuwa 7, nauyinsa kuma giram 80 zuwa 90. Mai falle biyar yana ɗan lanƙwasawa idan ƙwai ya same shi, sai ƙwan ya ɗan jima a kansa, ɗan wasa ya samu damar murza shi ya aika inda yake so. Mai falle bakwai ya fi tauri, ya fi sauri, amma bai yafe kuskuren hannu.

Abin da yawancin 'yan wasan Najeriya ba su lura da shi ba, itacen da ke cikin allunan da ake yo musu daga Suwidin, Jamus, Japan da Sin, da yawansa daga dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya aka sare shi. Itacen da masu ƙera bat ke kira ayous shi ne obeche da 'yan katako suka sani a kudancin Najeriya. Ba shi da nauyi, don haka ake sa shi a tsakiyar allo. Limba shi ne afara, ana sa shi a fallen waje saboda taushinsa yana taimaka wa murza ƙwai. Koto ma ɗan yankin ne, ya fi limba tauri, ana zaɓarsa idan ana son ƙwai ya tashi da kaifi. Daga waje kuma akwai hinoki na Japan da balsa na Kudancin Amurka. Wannan abin tunani ne ga kafintocin Ikara da Hunkuyi ta Kudan: kayan aikin ba baƙi ba ne a kasuwar katako. Gwanintar tana wajen yanka falle siriri daidai wa daida, da busar da shi, da matse shi a ƙarƙashin nauyi har gam ya kama ko'ina.

Doka ta yarda a saka zaren kabon ko makamancinsa tsakanin fallen, muddin kowane shimfiɗi bai wuce milimita 0.35 ko kashi 7.5 na kaurin allon ba, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Kabon yana ƙara sauri, yana faɗaɗa wurin da bugu ke fita da kyau. Shi ne kuma tarkon da masu koyo suka fi faɗawa. Yaron da ya ga Aruna Quadri, ɗan Oyo da ya zama ɗan Afirka na farko da ya kai zagayen 'yan takwas a ƙwallon tebur a gasar Olamfik, a Riyo a 2016, sai ya so irin makamin manya. Amma allon kabon a hannun wanda bugunsa bai zauna ba, ƙwai yake watsarwa bayan tebur, har yaron ya koyi tsoron sakin hannu. Wannan illa tana da wuyar gyara daga baya.

Mariƙi ba ya buƙatar dogon bayani. Akwai mai faɗi a ƙasa, akwai miƙaƙƙe, akwai gajere na masu riƙon alƙalami irin na wasu 'yan wasan Sin. Wanda ya zauna a tafin hannu ba tare da an damƙe shi da ƙarfi ba, shi ne daidai.

Roba ce ta sauya wasan gaba ɗaya. A gasar duniya ta 1952 a Bombai, Hiroji Satoh na Japan ya zo da bat mai soso mai kauri ya lashe kofin maza, abokan karawarsa ba sa ma jin ƙarar ƙwai. Gardamar da ta biyo baya ta kai ga dokar 1959, wadda ta hana soso tsirara, ta kuma iyakance kaurin roba da sosonta a kan milimita 4. Tun daga nan robar da ta mamaye wasan ita ce mai santsin fuska, wadda ƙurajenta ke kallon ciki. Akwai kuma masu ƙuraje a waje: gajerun ƙuraje na mai bugun kai tsaye kusa da tebur, dogaye kuma na mai tsaro, domin suna lanƙwashewa su mayar wa abokin karawa da murzar da ya turo.

Masu santsin fuskar ma gida biyu ne. Na ƙasar Sin, irin Hurricane 3 na kamfanin DHS da robobin 729, fuskarsu tana da danƙo, sosonsu da tauri. Suna murza ƙwai sosai, amma sai ɗan wasa ya sa ƙarfin jikinsa. Na Japan da Jamus, tun daga Sriver na 1967 da Mark V na 1969 har zuwa Tenergy 05 na 2008, sun dogara ga soso mai tsalle da ke harba ƙwai da kansa. Ga mai koyo, soso mai kaurin milimita 1.7 zuwa 1.9 ya wadatar. Mafi kauri na wanda hannunsa ya faɗa ne. A 1986 doka ta ce fuska ɗaya ja, ɗaya baƙa, don abokin karawa ya san da wace aka buga masa. Daga Oktoban 2021 aka yarda shuɗi, kore, ruwan hoda ko shunayya su maye gurbin ja, baƙar dai tana nan dole.

Tarihin gam yana da alaƙa da rumfar mai faci. A shekarun 1970 'yan wasan Turai, ciki har da Tibor Klampár na Hangari, suka gano cewa gam ɗin facin tayar keke yana kumbura soso ya ƙara wa bugu gudu da murza. Aka shafe shekaru ana shafa irinsa kafin kowace karawa, har ITTF ta hana shi a 2008 saboda tururinsa yana cutar da lafiya. Gam ɗin faci shi ne mafi kusa da hannun yaro a Maƙarfi ko Kudan, kuma yana kamawa, sai dai bat ɗin da aka haɗa da shi ba ya tsallake bincike a babbar gasa. Wanda doka ta sani shi ne farin gam na ruwa da aka yi domin wannan aiki. Gam mai ƙamewa nan take da gam ɗin takalmi kuwa ɓarna ne tsantsa: suna ƙona soso, kuma ranar ɓare roba sai su taho da fallen katako.

Haɗawar kanta aikin natsuwa ne. Ana fara shafa wa sabon allo fanish siriri ƙwarai a bar shi ya bushe, don kare fallen waje. Sai a shafa gam a allon da bayan soso da ɗan guntun soso mai tsabta, a jira farinsa ya washe. Ana ɗora robar daga wajen mariƙi, inda sunan kamfani da tambarin ITTF suke, domin alƙalin wasa zai nemi ganinsu. A bi ta da kwalba a hankali zuwa sama don fitar da iska, ba tare da an ja ta ba. Robar da aka miƙe da ƙarfi takan tsuke daga baya ta bar gefen allo a buɗe. A kife bat ɗin a yanke abin da ya yi saura da almakashi mai kaifi ko sabuwar reza, sannan a koma ɗaya fuskar. Bat ɗin da aka gama kan kai giram 170 zuwa 190. Ranar cire tsohuwar roba, a ja ta a karkace daga gefe, kada a bi tsawon jijiyar itacen.

Yanayin arewacin Kaduna ne ke yanke wa roba kwana. Ƙurar hunturu tana hawa fuskar roba mai danƙo cikin mintuna kaɗan idan ana wasa a waje, ƙwai ya riƙa zamewa. Ranar bazara tana busar da roba ta tsattsage gefenta, ta kuma sassauta gam. Bat ɗin da aka bari a but ɗin babur ko kan tebur da tsakar rana ya gama yawo da wuri. Raɓar damina kuma kan shiga katakon da ba a rufe gefensa ba. Maganin ba shi da tsada: goge fuska da soso mai ɗan laima bayan wasa, rufe ta da leda mai tsabta, sa tef a gefe, ajiye bat cikin jaka a ɗaki. Omo da kananzir da fetur kashe roba suke yi.

Jabu ma ya yi yawa, musamman na manyan sunaye irin Butterfly. Tenergy ta Butterfly da aka sayar a farashin robar talakawa ba Tenergy ba ce, kuma robar 729 ta gaskiya ta fi ta amfani nesa ba kusa ba.

Allo yana shekaru idan an kula da shi, roba kuwa ga mai wasa kullum watanni kaɗan take yi. Saboda haka a kan allo ya kamata kuɗin farko ya tafi. Ga ɗalibi ko saurayin da ke wasa a Ikara, Maƙarfi ko Hunkuyi, zaɓin da ya fi dacewa shi ne allon itace zalla mai falle biyar, da roba mai santsin fuska mai matsakaicin soso a fuska biyu, wadda aljihunsa zai iya sauyawa duk lokacin da ta mutu. Malaman wasanni da masu teburan haya za su taimaki yaran ƙwarai idan suka haɗa kuɗi suka sayo roba da gam a dunƙule daga Zariya ko Kano, suka kuma koya musu mannawa da kansu.