Daƙiƙa Huɗu ga Kowace Fuska: Nazarin Bidiyon Hotuna a Suleja

Duk mai riƙe da babbar waya a Suleja ya san abin, ko da bai taɓa ba shi suna ba. An watse daga biki a Kwamba ko Madalla, kwana biyu sai ga hotunan amarya da ƙawayenta suna bin juna a WhatsApp, waƙa na tashi a ƙarƙashinsu. In rasuwa aka yi, sai a jero mamacin tun yana saurayi har ya yi furfura, a ɗora karatu ko addu'a. Masu shagon hoto da masu tura waƙa a kewayen Kasuwar IBB suna yin sa a biya su, matasa kuma suna haɗa nasu da CapCut ko InShot. Ana raina shi, wai shi ba fim ba, ba kuma hoto ba. Ni a ganina sana'a ce mai ƙa'idojinta, kuma ƙa'idojin sun fara zubewa.

Ai fim ɗin da ake taƙama da shi ma hotuna ne a tsaye. Na silima yana wuce da hoto 24 a daƙiƙa guda, talabijin ɗin ƙasar nan 25, sai ido ya ɗinke tsakaninsu ya ga motsi. In aka ce hoton amarya ya tsaya daƙiƙa huɗu, manhaja tana maimaita shi ne sau 100, sannan ta matse jerin cikin MP4: ta adana na farko cikakke, sauran kuma bambancin da ke tsakani kawai take rubutawa. Shi ya sa irin wannan bidiyo ba ya cin data sosai, shi ya sa kuma ya samu shiga.

Aikin yana da magabata. Moustapha Alassane na Nijar, wanda ya zauna a Tawa kuma ya rasu a 2015, da hannu ya riƙa zana kwaɗinsa, zane bayan zane, yana ɗaukar kowanne da kyamara har suka motsa a fim ɗinsa na 1966, Bon Voyage Sim. A Faransa kuwa Chris Marker ya gina La Jetée a 1962 kusan gaba ɗayansa da hotuna marasa motsi, har yau ana koyar da shi a makarantun fim. Abin da ya haɗa su da yaron shago a Suleja shi ne tambaya guda: wane hoto ne zai fara, kuma yaushe zai ba na bayansa wuri?

A nan gwaninta take. Mai haɗin da ya san garinsa ba ya cakuɗa kamu da kai amarya. Zai fara da sa lalle, ya wuce ɗaurin aure inda maza suka cika ƙofar gida, ya shiga wuni, ya ƙare da buɗar kai. Ya san hoton kakar amarya ba ya zuwa bayan na ƙawaye, ya san kuma fuskarta na buƙatar daƙiƙa shida ko bakwai, alhali hoton kwanonin abinci biyu sun ishe shi. Kamar maroƙi yake, wanda ya san sunan da ake ja da wanda ake ambata a wuce. Hoton taro, inda mutum ashirin suka jeru, yakan bar shi ya daɗe, ko ya sa kyamara ta ratsa shi a hankali daga gefe zuwa gefe, domin kowa a gidan zai so ya nemo fuskarsa.

Shiryayyun tsare-tsaren da ke cikin manhajojin waya ba su san komai cikin wannan ba. Bugun kiɗa suke bi. Ganga ta buga, hoto ya juya, ko na liman ne ko na takalmi. Ga walƙiya, ga furanni na zubowa, ga hoto na jujjuyawa, mai kallo bai gama gane wa yake gani ba an ɗauke shi. Abin ya fi ciwo a bidiyon ta'aziyya, inda aka taru don a dubi fuskar wanda ya tafi.

Akwai kuma asarar da ba a lura da ita. Hoton waya na yau da kullum yana da ɗigo wajen miliyan 12, bidiyo mai kyau kuwa miliyan biyu da 'yan kai yake ɗauka, WhatsApp ya sake matse shi a kan haka. Hoton da aka ɗauka a kwance, in aka cusa shi cikin allon da ke tsaye, gefunansa ne ke tafiya, su wa ke tsayawa a gefe kuwa in ba yara da dangi na nesa ba? Waya ta cika, sai a goge hotunan a bar bidiyon, tunda ana zaton duk suna cikinsa.

Garin da ke da tarihi irin na Suleja bai kamata ya yi sakaci da wannan ba. A nan, lokacin ana kiran garin Abuja, Ladi Kwali ta shiga cibiyar tukwane ta Michael Cardew a 1954. Hotunanta tana ginin tulu da hannu, tana kewaya shi, in aka jera su daga gindi zuwa wuya zuwa zanen kadangare da kunama, aka ba kowane mataki lokacinsa, darasi ne cikakke ga ɗan makarantar da a bayan naira ashirin kawai ya santa. Haka tsofaffin hotunan hawan salla na zamanin Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979, da na aure da suna da ke rataye a zauruka. Yanzu da waya ake ɗaukar su ta bayan gilashi, a karkace, a jefa su cikin bidiyon daƙiƙa 30, takardar asalin kuma a bar wa gara da danshin damina. Mai shagon da ya san darajar aikinsa yakan cire hoton daga gilashi ya sikana shi, in ya gama haɗi ya miƙa wa mai gida bidiyon tare da cikakkun hotunan a filashi.