Xala da Almakashin Hukuma

A shekarar 1973 ne Usman Sembene ya wallafa littafinsa Xala, ya kuma mai da shi fim a 1975. Labarin ya ginu ne a kan Alhaji Abdu Kader Beye, attajirin Dakar, wanda mazakuta ta ɗauke masa daren da ya yi mata ta uku. Ba ya shan ruwa sai Evian, da shi ma ake wanke masa Marsandi. Ɗiyarsa Rama tana yi masa Wolof, yana amsawa da Faransanci.

Martani ya kasu gida biyu. Jama'a sun cika gidajen silima, hukumar Senegal kuwa ta sa almakashi. Abin lura ga ɗalibi shi ne inda aka yanke. An bar ba'ar ruwan kwalba da mota, amma an cire wurin da manyan ƴan kasuwa ke buɗe jakunkunan kuɗin da Turawa suka miƙa musu. Wato mai hali yakan jure a yi wa almubazzarancinsa dariya, domin dariyar ma tallar arzikinsa ce. Abin da ba ya yafewa shi ne a nuna inda kuɗin suka fito.