Suna a Matsayin Makami: Nazari a Kan Fim ɗin Sarraounia na Med Hondo

1.0 Gabatarwa

Mafi yawan finafinan yaƙi da mai kallo ya saba da su a ƙasar Hausa, tun lokacin da gidajen silima ke tashe har zuwa shigowar bidiyo, labaran wasu ƙasashe ne. Wanda ya fi zama a zukatan jama'a shi ne na Umar Mukhtar, wanda Mustafa Akkad ya shirya a kan gwagwarmayar mutanen Libiya da Italiya, aka fara nuna shi a 1981. Finafinan da suka ɗauko yaƙin da aka gwabza a wannan ƙasa tamu ba su taka kara sun karya ba. Akwai Kanta of Kebbi na Adamu Halilu, sai kuma Sarraounia na Med Hondo, mutumin Muritaniya, wanda ya fito a 1986, ya kuma ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na FESPACO a Wagadugu a 1987. Wannan maƙala za ta dubi Sarraounia ne ta fuska guda, wato yadda aka sarrafa tauraruwar cikinsa, domin a nan ne masu kallo suka fi samun abin cewa, kuma a ganin mai wannan nazari a nan ne ƙarfin fim ɗin yake.

2.0 Tushen Labari

An gina fim ɗin a kan littafin da Abdoulaye Mamani, marubuci ɗan Nijar, ya wallafa da Faransanci a 1980. Shi kuwa littafin ya samo tubalansa daga tarihin rundunar da Faransa ta tura domin ta ratsa daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi, ƙarƙashin Kyaftin Paul Voulet da mataimakinsa Julien Chanoine. A farkon 1899 rundunar ta shigo ƙasar da a yau ake kira Nijar. Ta ƙona garuruwa, ta kashe mutane, ta kama bayi, tun daga Sansanin Hausa a bakin kogi har zuwa Birnin Ƙonni, inda aka yi kisan da ya fi kowanne muni a watan Mayu. Kafin Ƙonni, ranar 16 ga Afrilu, ta yi karo da Aznan garin Lugu da ke ƙasar Arewa, kusa da Dogon Dutsi, waɗanda shugabarsu mace ce mai riƙe da sarautar Sarauniya. An ci garin, amma ba a kama ta ba.

Ƙarshen rundunar sananne ne. Da labarin ta'asar ya kai Faransa, aka tura Kanar Klobb ya karɓe shugabanci. Voulet ya sa aka harbe shi a Ɗankori, kusa da Tasawa, ranar 14 ga Yuli, sa'an nan ya shelanta wa sojojinsa cewa shi ya bar Faransa, zai kafa daularsa ta kansa. Cikin kwana uku sojojin nan nasa baƙaƙe suka kashe Chanoine, suka kashe shi. Sauran hafsoshin suka ci gaba, suka ci Damagaram a ƙarshen wannan wata.

Ya kamata a lura da cewa a rubuce-rubucen Faransawa karon Lugu ɗan ƙaramin abu ne, 'yan layuka ne kawai inda aka kira Sarauniya tsohuwar matsafiya. A al'adar Lugu kuwa sarautar Sarauniya ta addinin gargajiya ce, mai riƙe da ita a killace take zaune, ba ta ɗaukar baka da kwari. Mamani ne ya mayar da ita budurwa mayaƙiya, Hondo kuma ya bi shi a kan haka. Wannan 'yanci ne da mai ƙirƙira ke da shi, sai dai mai kallo ya san cewa ba littafin tarihi yake karantawa ba.

3.0 Ɓacewar Tauraruwa

Kashin farko na fim ɗin na Sarauniya ne baki ɗaya. Ana nuna ƙuruciyarta a hannun Dawa, wanda ya rene ta ya koya mata harbi da sanin itatuwa da asirai, sa'an nan girmanta da hawanta mulki da yadda ta kare garinta daga mahara. Aï Keïta, wadda ta fito a matsayin Sarauniya, ba ta da yawan magana, tsayuwarta da kallonta ne ke aiki. Duk wanda ya saba da tsarin fim ɗin Umar Mukhtar zai ɗauka cewa haka za a ci gaba da bin ta, daga wannan karo zuwa wancan, har a ga nasara ko shahada.

Hondo bai yi haka ba. Da zarar an yi karon Lugu, Faransawa sun shiga gari sun tarar babu kowa, sai kyamara ta rabu da Sarauniya ta bi rundunar Voulet, ba ta koma kanta sosai ba sai dab da ƙarshe. Na taɓa kallon fim ɗin tare da wasu ɗalibai a nan Minna, kuma ƙorafin da ya fara fitowa daga bakinsu shi ne an yi musu rowar jaruma: fim mai sunanta, amma rabinsa Turawa ne ke shan giya suna faɗa da juna.

Ƙorafin yana da dalili, amma idan aka yi la'akari da abin da ke faruwa a wannan rabi na biyu za a ga cewa Sarauniya ba ta fita daga cikinsa ba. Jikinta ne ya fita, sunanta yana nan. Sojojin da suka shiga fadarta sun ga kayan tsafi sun razana. Da dare ya yi, kowace iska da kowane kuka daga daji sai a ce ita ce. Labarinta yana yawo daga bakin ɗan dako zuwa bakin soja, daga bakin soja zuwa bakin matan da aka kamo, yana ƙaruwa a kowane baki. Voulet yana da bindigogi da igwa, amma ba shi da abin da zai harbi jita-jita da shi, kuma duk lokacin da ya ƙara tsanani domin ya nuna ba ya tsoronta, sai mutanensa su ƙara tabbata cewa ta riga ta taɓa masa hankali.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san adabin baka na Hausa. Aikin kirari ke nan. Ɗan tauri ko mafarauci ko ɗan dambe yana aika sunansa ya riga shi isa fage, domin abokin karo ya karaya tun kafin a haɗu. Makaɗan fada ma abin da suke yi wa sarakuna ke nan: waƙar tana zuwa inda sarki bai taka ba. Hondo ya ajiye maroƙi kusa da Sarauniya tun a kashin farko yana wasa ta, wato ya nuna mana inda ake ƙera sunan, sa'an nan a kashi na biyu ya nuna mana sunan yana aiki shi kaɗai. Da ya ci gaba da nuna ta tana harbi a kowace fitowa, da ta zama mayaƙiya ɗaya cikin mayaƙa, wadda harsashi zai iya samu. Ɓoye ta da ya yi ne ya sa mai kallo ya ji ta yadda sojojin Voulet suke jin ta.

Akwai kuma dalili na tarihi da ya sa wannan zaɓi ya dace. Turawan da ke jagorantar rundunar 9 ne kacal. Sauran duk 'yan Afirka ne: sojoji, da tafintoci, da 'yan dako kimanin 800 da aka tilasta, ban da matan da aka yi ta kamowa a hanya. Ashe ke nan fagen yaƙi na ainihi yana cikin zuciyar baƙin sojan da ke riƙe da bindigar Bature. Muddin ya yarda cewa Bature ba ya cituwa, runduna tana nan. Ranar da ya ga wata mace ta tsere wa Bature, ya kuma ga Bature ya harbe ɗan'uwansa Bature, ranar runduna ta fara rushewa. Fim ɗin ya ba wannan rushewa lokaci mai tsawo, a hankali, kuma nan ne ya fi kowane wuri kyau. Jean-Roger Milo, wanda ya fito a matsayin Voulet, wani lokaci yakan wuce gona da iri wajen ihu da zare ido, har ya kusa mayar da mugun aikin mulkin mallaka ya zama haukan mutum ɗaya. Abin da ya ceci fim ɗin daga wannan rami shi ne yadda aka nuna sauran hafsoshin, masu natsuwa da lissafi, suna jiran abin ya lafa su ci gaba da tafiya gabas.

Mai kallo daga Jihar Neja ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. Rundunar Kamfanin Neja da ta auka wa Bida a watan Janairu na 1897 sojojinta kimanin 500 ne 'yan ƙasa, da yawansu Hausawa, ƙarƙashin Turawa 'yan ƙalilan. Irin waɗannan sojoji ne suka ci Kwantagora ta Ibrahim Nagwamatse a 1901, kuma da Lugga ya mayar da hedikwatarsa Zungeru a 1902, da su aka tafi Kano da Sakkwato a 1903. Littattafan tarihinmu sun faɗi sunayen sarakunan da aka ci da na Turawan da suka ci su. Mutumin da ke tsakani, wanda ya ɗana kunamar bindiga, da wuya a ji abin da ke ransa. Sarraounia ya tsaya a kansa, ya nuna kwaɗayinsa na ganima da tsoronsa da kunyarsa, bai wanke shi ba, bai kuma mayar da shi dodo ba.

4.0 Inda Fim ɗin ya Gaza

Rauni na farko shi ne yadda aka zana masarautun Musulmi. An nuna fadar Sakkwato da malamanta a matsayin masu ganin arniya ta fi Nasara zama abokiyar gaba, masu naɗe hannu suna jiran ƙaddara. Gaskiya ne cewa akwai tsohuwar gaba tsakanin daular Usmaniyya da Aznan Arewa, kuma Sarkin Musulmi Abdurrahman bai kai wa Lugu ɗauki ba. Amma fim ɗin ya ɗauki ɓangare ɗaya ya bar ɗaya. Shekara 4 bayan Lugu, Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a fagen daga a Burmi, a 1906 kuma talakawan Satiru suka yi nasu tashin. Jawabin da Sarauniya ta yi a ƙarshe, inda ta karɓi kowa da kowa ba tare da duba harshe ko addini ba, ya fi kama da muryar Hondo da Mamani da siyasar zamaninsu fiye da muryar Lugu ta 1899.

Rauni na biyu ya fi shafar manazarcin harshe. An shirya ɗaukar fim ɗin a Nijar ne, sai hukumomin ƙasar suka janye dab da fara aiki, gwamnatin Thomas Sankara ta karɓe shi aka ɗauka a Burkina Faso. Sakamakon haka 'yan wasan ba Hausawa ba ne, kuma harsunan da suka mamaye fim ɗin su ne Jula da Fulatanci da Faransanci. Ga mai kallo a Faris ko Landan, wanda rubutun ƙasan allo yake bi, wannan ba wani abu ba ne. Ga Bahaushe asara ce babba, kuma asarar ta faɗa daidai kan abin da fim ɗin ya dogara a kai. An ce suna ne makamin, kirari ne ke kai shi, to amma kirarin da ba a ji a harshensa rabin kirari ne. Sarauniya tana jawabi, maroƙinta yana wasa ta, Bahaushe kuma yana karanta fassara kamar baƙo a gidan ubansa. Idan aka kwatanta da Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi da Hausa a 1976, za a ga cewa duk da ƙarancin kayan aikinsa, gaisuwar fada da addu'a da zaurancen cikinsa suna isa kunne kai tsaye.

Haka kuma matsayin tafinta, wanda ya kamata ya zama ɗaya daga cikin manyan abubuwan kallo, ya rage armashi. Tafinta shi ne ƙofar da maganar Bature ke bi ta fita, maganar ɗan ƙasa ke bi ta shiga, yana ƙarawa yana ragewa yadda ya ga dama. Wanda yake jin harsunan biyu ne kaɗai zai kama shi yana yin haka. A 2020, a fim ɗin gaskiya mai suna African Apocalypse, wanda ya bi sawun rundunar Voulet gari-gari, an ji jikokin waɗanda abin ya shafa suna ba da labarin da bakinsu da Hausa.

Tun da masu fassara finafinan Indiya a Kano sun nuna cewa ɗora murya a kan fim abu ne mai yiwuwa, babu abin da zai hana a yi wa Sarraounia haka idan an sami izinin masu shi. Sai dai aikin ba zai zo da sauƙi ba. Hausar Arewa da Dogon Dutsi karin yamma ce, ta fi kusa da Sakkwatanci, saboda haka Sarauniyar da za ta yi magana da Kananci ta sake zama baƙuwa karo na biyu. Kirarin ma ba fassara shi za a yi daga Faransanci ba, sai an koma wurin maroƙan yankin an ji yadda suke yi. Sa'an nan ga kalmar Azna ita kanta, wadda mutanen Lugu ke kiran kansu da ita ba tare da jin komai ba, alhali a kunnen mai kallo na Kano ko Minna 'yar'uwarta arna zagi ce. Mai fassara zai zaɓi ɗaya a kowace fitowa, gwargwadon wanda ke magana da wanda ake yi wa.